Tauren da Ɗantani Ya Yanka

Shekara tara ke nan wata langa mai ruwan ɗorawa tana kai da kawo tsakanin Sabon Garin Wudil da Dagumawa, kuma sau biyu kacal take fita a shekara. Ran Kirsimeti takan tashi daga gidan Ɗantani mai aikin kafinta, cike da shinkafa da miya da naman akuya. Sai ta zauna a can har Babbar Sallah, sannan ta dawo da soyayyen naman layya. Wannan langar ita ce abin da ya rage tsakanin Talatu, matar Ɗantani, da 'yarta ta fari, Yelwa.

Talatu da mijinta Hausawa ne gaba da baya, 'ya'yan Maguzawa, waɗanda suka karɓi Almasihu tun suna sabon aure. A majami'a Yelwa ta tashi, har ta zama mai jan waƙa a cikin 'yan mata. Sai ga Isyaku, wani mai sayar da hatsi daga Dagumawa, ya zo sayen ƙyaure wajen ubanta. Ƙyaure ɗaya ya zo saya, amma sai da ya dawo sau bakwai. Ba wanda ya tilasta wa Yelwa komai. Da bakinta ta ce shi take so, ta musulunta, a gidan miji aka sa mata suna Safara'u. Ɗantani dattijon ikilisiya ne, a bencin gaba yake zama, saboda haka abin ya yi masa ciwo biyu. Bai yi faɗa ba, bai tsine mata ba. Ya dai daina ambatarta, kamar ba a taɓa haifarta a gidan ba.

Ita kuwa Talatu, dama can ba ta da bakin magana. 'Yar fari ce, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba tun ranar da ta haife ta, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. In ta kama dole sai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". To uwar da ba ta iya faɗin sunan 'yarta ba, da wane baki za ta ce tana kewarta? Sai ta zuba a langa.

Shi ma zuwan langar da sharaɗi ne. Yayyen Isyaku sun so su hana abincin Kirista shiga gidansu tun shekarar farko. Isyaku ne ya tsaya kai da fata, ya ce surukarsa ta yi masa alkawari ba za ta taɓa aiko da nama ba sai yankan Musulmi, shi kuma ya ɗauki nauyin maganarta a wuyansa. Daga nan duk safiyar Kirsimeti, da an idar da sallar asuba, Gwadabe mahauci yakan yi sallama da wuƙaƙensa, ya kwantar da akuya ta kalli gabas, ya yanka, ya feɗe, ya tafi da fatar a matsayin ladansa. Ɗantani yakan shige shagonsa ya yi ta buga abin da ba ya bukatar bugu har a gama.

A shekarar da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka sauka, gari ya rikice. Kowa ya sayi rediyo, kowa yana son rufin kwano, malaman makaranta suka koma hawa babur. Ɗantani kansa bai da lokacin shan ruwa saboda aikin bencina. A shekarar ne kuma Babbar Sallah ta zo dab da Kirsimeti, tsakaninsu bai cika mako biyu ba. Tsohuwar nan mai tallan daddawa da ta saba kawo langar ta sauke ta a tsakar gida, ta ce:

"'Yarku ta ce in gaishe ku. Ta ce bana kada a aika da komai, da ƙafarta za ta zo ta ci. Mijin ya yarda."

Talatu ta nemi wuri ta zauna. Da ta kai wa Ɗantani labari a shago, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ƙofa ai a buɗe take," in ji shi, ya ci gaba da goge katako.

Amma kwana uku bayan haka sai ga shi ya ajiye bencinan mutane yana ƙera wata 'yar kujera, wadda babba ba zai iya zama a kai ba. Ya goge ta sumul, ya shafa mata shuɗin fenti. Talatu ta tambaye shi ta wace ce, ya ce wani ne ya sa shi. Ta koma madafa abinta. Ta san jikarsu Murja ta shekara shida, kuma bai taɓa sa ta a ido ba.

Akwai taure a gidan, baƙi mai farin goshi, wanda Talatu ta shekara tana turawa dusa da harawa. Har ƙaiƙayin wake take tsince masa. Tun daren jajibere ta wanke shinkafa, ta niƙa kayan miya, ta soya cincin, ta fito da sabuwar tabarma. Abu ɗaya ya rage, zuwan Gwadabe.

Gari ya waye, Gwadabe bai zo ba. Rana ta fito ta hau katanga, shiru. Ƙararrawar majami'a ta buga ta farko, ta buga ta biyu. Talatu ce mai kiɗa tulu a zumuntar mata, kuma su ne da waƙar buɗe sujada, ba yadda za ta yi ta ƙi zuwa.

"Ki tafi," in ji Ɗantani, yana gyara wuyan sabon kaftaninsa. "Zan jira shi, in ya gama in biyo ki."

"Maigida, in ya yi latti ka leƙa wa maƙwabcinmu Malam Ya'u, ya zo ya yanka. Ba zai ƙi ba."

"Na ji."

Ta tafi, amma jikinta ne kawai a majami'ar. An yi waƙar makiyaya, an karanta labarin haihuwa a komin dabbobi, fasto ya yi wa'azi har ya jiƙe da gumi a cikin kwat. Ita dai idonta yana kan bencin gaba, inda gurbin mijinta ya zauna fayau har aka yi addu'ar rufewa. Shekara ashirin Ɗantani bai taɓa rasa sujadar Kirsimeti ba, ko da zazzaɓi. Ba ta tsaya gaisawa da kowa ba, ta ɗaure mayafinta ta kama hanya.

Tana shiga gida ta ga tauren a rataye a reshen darbejiya, an feɗe shi tas. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Yesu na gode. Gwadaben ya zo ke nan?"

Ɗantani yana tsugune bakin rijiya yana wanke hanji. Sai idonta ya kai kan fatar, ga ta nan a shanye a kan katanga. Gwadabe bai taɓa barin fata ba. Ta dubi ramin jini, ta ga an haƙa shi a bayan madafa, ba wurin da aka saba ba. Sannan ta dubi hannun sabon kaftanin, jini ya ɓata shi har gwiwar hannu.

"Maigida, wa ya yanka tauren nan?"

"Gwadabe ba ya gari. Kamfanin da ke shimfiɗa kwalta sun sayi shanu za su yi wa ma'aikatansu biki, suka aiko da tifa tun da asuba ta kwashe mahauta. Sai la'asar za su dawo."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya ajiye hanjin a roba, ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa.

"Na je ƙofar gidan Ya'u," ya ce. "Har na ɗaga murya zan yi sallama. Sai na tsaya ina tunanin abin da zan ce masa. In ce, Malam, zo ka yanka mini akuya, 'yar cikina za ta zo, kuma hannuna bai isa ta ci daga gare shi ba? Talatu, da wannan hannun na yanka akuyar sunanta. Da shi na ciyar da ita shekara goma sha tara. Lokacin da a langa ake aikawa na haƙura, ban gani ba. Amma yau a gidana za ta zauna, a gabana." Ya dubi tauren a rataye. "Sai na juyo."

Talatu ta so ta yi masa ihu, ta so ta ɗaga tukunya ta doka da ƙasa. Abin haushin shi ne ta fahimce shi sarai, kuma fahimtar ba ta rage mata komai ba.

"Wani malami ma ya taɓa gaya mini littafinsu bai hana su cin yankanmu ba," in ji shi, yana kallon gefe.

"Ba da malamin na yi alkawari ba. Da Isyaku na yi."

Ta zari mayafi ta fice, da sauri kamar yarinya, ta nufi bakin kasuwa. Ranar Alhamis ce, kasuwar Wudil sai gobe, amma akan sami masu tebur biyu ko uku. Ta tarar da teburan a kife. Guda ɗaya da ya rage, mai shi yana kankare katako, ya ce tun hantsi baƙin da suka cika Sabon Gari suka wawashe komai, ko ƙashi bai saura ba. Ta tambayi kaza a gida uku a kan hanya, duk an yanke ko an sayar. Nata kajin kuwa annoba ta share su tun kaka. Haka ta dawo hannu rabbana, rana ta take tsaka.

Ta hura wuta, ta ɗora naman, don ba ta san abin da za ta yi ba in ba girki ba. Ɗantani ya sake riga, ya ɗauke fatar daga katanga ya kai shago, ya zo ya tsaya a ƙofar madafa.

"Ba wanda ya gani," ya ce a hankali. "Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki yi shiru kawai."

Ya tafi ya bar ta da maganar, kuma maganar ta zauna mata daram. Gaskiya ne, ba wanda ya gani. Nama nama ne, ba a rubuta sunan mai yanka a jikinsa. Yarinyar za ta ci, jikar za ta ci, a yi dariya, baɗi su sake dawowa, wata shekarar ma wataƙila har da Isyaku. Duk wannan a bakin shiru ɗaya. Ta juya miya tana addu'a, irin addu'ar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ta ce, Ubangiji, yau ranar haihuwarka ce, kai ma ka san uwa. Shekara tara ban roƙe ka ka dawo mini da ita ba, yini ɗaya na roƙa. Ta yi shiru tana jira ko zuciyarta za ta yi sanyi da shawarar mijin. Ba ta yi ba. Abin da ya zo mata kawai shi ne fuskar yarinyar tana ci da yarda, don hannun uwarta ne ya zuba.

Bayan azahar aka ji ƙugin babur ya tsaya a bakin lungu, ya juya ya tafi. Sai sallama, da wata murya da Talatu za ta gane ko a cikin kasuwar shanu.

Yelwa ta shigo da goyo a baya, tana riƙe da hannun Murja. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi duhu, ta lulluɓe da gyale har ƙirji. Ta durƙusa tun daga bakin zaure.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya ƙafar taka? An yi biki lafiya?"

"Lafiya lau. Lafiya. Da godiya." Ɗantani yana amsawa yana kallon tabarma. "Yaya mutanen gidan? Yaya... maigidan naki?"

"Yana gaishe ku. Zai dawo ɗaukarmu da la'asar."

Ta juya ta gaida uwarta. Talatu ta amsa a gajarce tana kallon tukunya, kamar yadda ya kamata uwar 'yar fari ta yi, alhali kuwa zuciyarta kamar ta tsage. Ta karɓi goyon, ta cusa fuskarta a wuyan jaririyar ta daɗe a haka. Ɗantani ya shiga ɗaki ya fito da shuɗiyar kujera, ya ajiye a gaban Murja. Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta zauna. Kujerar ta yi mata daidai kamar an gwada.

Talatu ta zubo shinkafa a babban faranti, ta kawo miya da nama a langar nan mai ruwan ɗorawa. Ƙamshi ya cika gidan. Ɗantani ya sunkuyar da kai ya yi addu'a gajeriya, Yelwa ta jira shi har ya ce amin, ita kuma ta yi bisimilla a ranta. Ya sa hannu ya zaɓo hanta, mai laushi, ya hura ta ta huce, ya miƙa wa Murja. Yarinyar ta miƙo hannu.

"Ke," in ji Talatu, da Yelwa take.

Kowa ya tsaya.

"Ba Gwadabe ne ya yanka ba. Babanku ne."

Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. Ta faɗe ta ne tana kallon ƙasa, da murya kamar ta mai ba da labarin mutuwa. Yelwa ta kama hannun 'yarta ta mayar da shi cinyarta, a hankali, ba da fizga ba. Hannun Ɗantani ya tsaya a miƙe da hantar, tsohon hannu mai kanta da tabon zarto. Bai janye shi ba, wataƙila ya rasa yadda ake janyewa. Murja ta fara ɓata fuska za ta yi kuka.

Yelwa ta daɗe tana kallon hannun.

"Baba," ta ce, "Murja 'yar Isyaku ce, ba ni da iko in ba ta. Amma ni 'yarka ce."

Ta matso da gwiwa, ta karɓi hantar daga yatsunsa, ta sa a baki. Ta tauna a hankali, hawaye yana bin kumatunta, ta haɗiye. Ɗantani ya rufe fuska da hular da ya cire, kafaɗunsa suna girgiza. Tun da Talatu ta aure shi ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar da suka binne ɗansu na biyu.

Aka zuba wa Murja shinkafa da manja da ɗan gishiri, aka cika mata hannu da cincin. Ta ci a kan kujerarta, ta ware, har ta hau tambayar kakanta me ya sa yatsansa ɗaya gajere ne. Ya ba ta labarin zarton, ya ƙara gishiri, ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Wanda ya leƙo a lokacin sai ya ce gidan nan ba su da wata damuwa a duniya.

Da inuwar darbejiya ta kai bakin rijiya, Yelwa ta bi uwarta madafa da kwanuka. Talatu ta ja ta can ciki, ta rage murya.

"Mijin naki zai tambaye ki?"

"Zai tambaya. A gaban yayyensa ya yi rantsuwa kan maganar yanka kafin su bar ni in fito."

"To ki ce Gwadabe ne." Talatu ta riƙe mata hannu gam. "Ki ce Gwadabe ne, ba wanda ya gani. Murja ba ta ci ba, ba ta san komai ba. Ni zan je in roƙi Gwadaben da kaina. Alhakin a kaina, ki bar ni da Ubangijina."

Ita ce fa matar da ta yini tana kokawa da shiru ɗaya har ta kayar da shi. Ga ta yanzu tana roƙon ƙarya da baki, ba ko kunya.

Yelwa ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo.

"Inna, da kin iya, ai da kin yi ɗazu. Ni ma a hannunki na tashi."

Babur ya yi ƙugi a bakin lungu, aka danna oda sau biyu. Yelwa ta goya jaririyar, ta gyara gyale, ta je ta durƙusa ta yi wa ubanta sallama. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce a gaida Isyaku. Murja ta rungumi kujerarta, ya ce ta tafi da ita, tata ce.

Talatu ta yi sauri ta juye naman, ta wanke langar da toka har sau biyu, ta cika ta da cincin, ta biyo su zaure.

"Ungo. Babu nama a ciki, na wanke ta. Kya dawo da ita da Sallah."

Yelwa ta dubi langar, ba ta miƙa hannu ba.

"Ki ajiye ta a nan, Inna. Kada ta je ta rasa mai dawo da ita."

Ta juya ta fita, Murja tana biye da ita da kujera a ka. Talatu ta tsaya a bakin zaure da langa a hannu tana kallon bayansu. Sun kusa kai ƙarshen lungu sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Yelwa!"

Shekara ashirin da takwas sunan yana bakinta, sai yau ya fito, a titi, maƙwabta suna ji. Yelwa ta tsaya cak. Ta ɗaga gefen gyale ta share fuska, amma ba ta waiwayo ba. Can ta ci gaba da tafiya, ta hau bayan mijinta, babur ɗin ya sha kwana.

Talatu ta koma ciki. Ɗantani yana zaune inda aka bar shi, ga naman taure tuli a faranti, mai ya fara daskarewa a kansa. Ta juye cincin a kwano, ta goge langar da gefen zaninta, ta taka turmi ta ɗora ta can saman kabad, inda take ajiye kayan da ba a amfani da su.